Shayi, cai da ganyen geza: me ke cikin kofin matasan Nijar?

Nijar ba ta noman ganyen shayi. Itacensa na son ruwan sama mai yawa da tuddai masu sanyi, abubuwan da ba a samu daga Gaya har Bilma. Amma duk baƙon da ya zaga Yamai ko Maradi ko Damagaram ko Tawa bayan sallar isha'i, ya ga garwashi na ja a ƙananan murahu ƙofa bayan ƙofa, zai iya rantsuwa cewa nan ce mahaifar shayi. Ganyen daga Sin yake zuwa, sukarin shigo da shi ake yi, buta da kofuna na waje ne, gawayin ma sau da yawa daga maƙwabta yake tsallakowa. Ruwa da lokaci ne kawai na gida, kuma cikin biyun lokacin ne ya fi yawa.

Ba a gane masoyin shayi na gaske da yawan kofunan da yake sha. Da gardama ake gane shi. Shi ne zai shinshina ganye kafin ya biya, ya ƙi na wannan shago ya taka har wata unguwa don na wancan. Shi ne zai cinye rabin dare yana musu kan ko a zagaye na biyu ake sa na'a-na'a ko a na uku, in kuwa aka miƙa masa kofi babu kumfa sai ya ɗauka raini ne. Irin wannan mutum yau butarsa ta faɗaɗa. Bayan koren shayin da ya taso ya tarar, ga shayin madara mai citta da kanumfari irin na Indiya, ga wanda ake kira shayin Larabawa da ake tallarsa a WhatsApp da TikTok, ga zobo mai zafi, ga zogale, ga kinkeliba. Wasu cikinsu abin sha ne kawai, wasu na da ɗan amfanin magani, wasu kuma haɗari ne a cikin leda mai kyau. Lafiyar mai sha da aljihunsa duka sun dogara ne ga iya bambance su.

Ganye ɗaya, sunaye da yawa

Sunan kansa ya isa ya nuna hanyar da ganyen ya biyo. A yawancin ƙasar Sin "ca" ake ce masa. Ayarin fatake suka bi da shi ta ƙasa zuwa Farisa ya zama "cai", kuma haka ake kiransa har yau a Indiya da Rasha da Turkiyya da ƙasashen masu jin Suwahili. Larabawa suka ce "shai", Bahaushe ya gyara shi daidai bakinsa ya zama shayi. A gaɓar tekun lardin Fujian kuwa "te" mutanen wurin ke cewa, daga bakinsu ne ƴan kasuwar Holan suka ɗauki sunan a ƙarni na 17 suka kai Turai. Shi ne "te" ɗin Faransanci da ake koya a lakwal, shi ne "ti" ɗin ƴan Najeriya. Daga wannan reshe ne kuma "atai" na Maroko ya fito, wanda ya ratso Sahara ya zama ataya a Senegal da Mali har zuwa zangunan Gana. Wanda ya ce shayi da wanda ya ce cai, kalma ɗaya suke faɗa.

Koren shayi ya shiga Maroko tun ƙarni na 18 a matsayin abin sarakuna da attajirai. Bai sauko hannun talaka ba sai tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ƴan kasuwar Ingila suka cika tashoshin ruwan ƙasar da shi. Daga can raƙuma suka ɗauko shi tare da curin sukari, Larabawan sahara da Buzaye suka rungume shi, ya gangaro kudu. Shi ya sa har yau in aka ce shayin Buzaye a Kano ko Katsina kowa ya san wanda ake nufi. Maroko kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace sayen koren shayin Sin a duniya.

Lambobin nan da ake gani a jikin ƙananan kwalaye ba ado ba ne. 3505 na nufin ganyen da aka murɗe ƙanana kamar ƙwayar albarushi, 4011 da 41022 kuma ganye ne siriri mai ɗan lanƙwasa da Sinawa ke kwatantawa da gira. Mafi yawansu daga lardunan gabashin Sin ake sarrafo su, irin su Zhejiang da Anhui. Da manomin da ya tsinke ganyen zai ga abin da ake yi da shi a Sahel, da ya riƙe baki. A can ruwan da bai kai ga tafasa ba ake zuba masa, a bar shi minti biyu ko uku, a sha ba sukari. A nan kuwa a wuta ake barinsa ya yi ta tafasa har ya ƙone rabi, a zuba sukari da hannu sake, a yi ta jujjuya shi daga buta zuwa kofi daga sama har kumfa ta tsaya. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Buzaye na kwatanta zagayen farko da ɗacin mutuwa, na biyu da zaƙin rayuwa, na uku da daɗin soyayya, ko da yake jerin kan canza daga baki zuwa baki. Mutanen Muritaniya su kuma na cewa shayi ba ya cika sai da abu uku: jama'a, garwashi da jan lokaci.

Wannan jan lokacin ne ya sa shayi ya zama ginshiƙin fada. Kalmar aro ce daga fadar sarki. A farkon shekarun 1990, sa'ad da taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, aikin gwamnati kuma ya daina jiran duk wanda ya gama karatu, samari suka fara kafa nasu fadodin a bakin titi, kowace da sunanta da aka rubuta a bango, da shugabanta, da ma'ajinta. Masu bincike da dama na nuna Damagaram a matsayin inda abin ya fara ƙarfi. Adeline Masquelier, malamar jami'ar Tulane ta Amurka da ta daɗe tana aiki a Dogon Dutsi, ta rubuta littafi guda a kan fada wanda ya fito a 2019, inda ta nuna yadda haɗa shayi ke ba saurayin da ke zaman jira wani tsari a yininsa da wani abin ƙwarewa da za a yaba masa.

Masu cewa fada zaman kashe wando ne rabin gaskiya suka gani. A nan ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, a nan ake tara gudunmawar suna da biki, a nan wanda ya dawo daga Libiya ko Abijan ke faɗa wa mai shirin tafiya abin da ke gabansa, unguwanni da yawa kuma ba su da mai gadin dare sai ƴan fada. Ɗaya rabin ma gaskiya ne. Ɗan siyasa ya san farashin fada lokacin zaɓe, sunan abin da yake bayarwa ma kuɗin shayi ne. Akwai kuma inda ake narka tiramol a buta, abin da ya jawo wa shayin baƙin jinin da ba nasa ba.

Cai: abin da Turawa suka tallata, talakawa suka gyara

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya ga mai cai a tashar jirgin ƙasa yana zuba wa fasinjoji a ƙananan kofunan yumɓu. Ganin haka sai mutum ya ɗauka al'ada ce ta shekaru dubu. Ba haka ba ne. Kayan ƙamshin tsofaffi ne a magungunan gargajiyar Indiya, amma shan shayi a matsayin abin kowa da kowa bai daɗe sosai ba.

Har farkon ƙarni na 19 kusan Sin kaɗai ke sayar wa Turai ganyen, Ingila kuma ta gaji da biyan azurfa. A 1823 wani ɗan Sikotland, Robert Bruce, ya gano cewa mutanen Singfo na yankin Assam suna da nasu itacen shayin. A 1848 kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya ya aika Robert Fortune cikin Sin, ya yi shigar ƴan ƙasa ya kwaso iri da sirrin sarrafawa. Aka share dazuzzuka aka kafa manyan gonaki a Assam da Darjilin, aka kwaso ma'aikata daga wasu yankuna kan yarjejeniyar da ba ta da nisa da bauta. Duk wannan don kasuwar Landan ne. Sai a farkon ƙarni na 20 ƙungiyar masu gonakin, wadda aka kafa a 1881, ta juyo kan ƴan Indiya kansu, tana raba shayi a masaƙu da ma'adinai da tashoshin jirgin ƙasa don a saba da shi.

Masu sayarwa a bakin hanya suka karɓa, amma ba yadda aka koya musu ba. Ganye na da tsada, don haka suka rage shi suka ƙara madara da sukari da citta da sauran kayan yaji, abin da bai yi wa masu gonakin daɗi ba tunda ganye suke son a saya. Daga baya injin da ke niƙa ganyen ya dunƙule shi ƙanana, wanda aka ƙirƙiro a Assam a farkon shekarun 1930 ya kuma bazu a shekarun 1960, ya karya farashin har kowa ya iya saya. Yau cai ya shiga siyasa ma: Narendra Modi kan ce ya taimaki mahaifinsa sayar da shi a tasha yana yaro, a yaƙin neman zaɓen 2014 kuma ya mayar da hira a teburin mai cai hanyar neman ƙuri'a. Ɗan fadar Maradi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan dabara.

Haɗinsa ba wuya. Ana daddaka citta da kanumfari da kirfa da masoro, da wata ƙwayar ƙamshi da Larabawa ke kira hel, a tafasa su a ruwa, a sa baƙin shayi, sannan a zuba madara da sukari a bar tukunyar ta taso sau biyu ko uku kafin a tace. Bambancinsa da na teburin mai shayi shi ne a Indiya tare ake dafa madarar da ganyen, ba a kofi ake haɗa su ba, kuma wannan ne ke ba shi kauri. In aka cire hel, babu abin da ke cikinsa da ba ya cikin kwandon kayan yajin uwargida a Tasawa ko Madawa. Mai son ya bambanta nasa yana iya jefa kimba, wadda ita ce sirrin kofin Tuba na Senegal.

Ƴan ci-rani ne suka fi kowa sanin ƴan'uwan cai. Wanda ya yi aiki a Dubai ko Doha ya sha karak, shayin madarar gwangwani mai hel da ma'aikatan Indiya da Pakistan suka kai ƙasashen Larabawa har ya zama na ƴan ƙasa. Wanda ya zauna Sudan, inda Hausawa suka daɗe da kafa garuruwa a kan tsohuwar hanyar hajji, ya san matan nan masu shayi da ke zama ƙarƙashin bishiya da jerin kwalaben kayan ƙamshi, kowa ya faɗi haɗin da yake so. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, ta haɗa su cikin ƙungiyar haɗin gwiwa a Khartum don kare kansu daga ƙwace da kora, a 2016 kuma Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa da yawansu.

Su ma ƴan Nijar shayi ya daɗe yana ciyar da gidajensu. A Legas da Abuja da Kwatano da Akra da Abijan, in aka tambayi mai shayin kan kwana asalinsa, ba abin mamaki ba ne ya ce Adar ko Gobir ko Damagaram. Jarin bai da yawa: tebur, benci, babbar buta, burodi, ƙwai, madara da ganyen jaka. Aikin ne mai nauyi, tun kafin asuba zuwa hantsi, sannan daga magariba zuwa tsakar dare. Daga wannan tebur ne ake aika kuɗin hatsi lokacin bazara da kuɗin sadaki bayan kaka. Baƙin shayin da suke sayarwa shi ma baƙo ne, galibi daga gabashin Afirka, inda Kenya ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi ta kasuwar gwanjon Mombasa. Cikin gonakin da ke kusa da Nijar akwai na tsaunin Mambila a jihar Taraba da na Ndu da Tole a Kamaru.

Dogaro da waje na da farashinsa, kuma ƴan fada sun biya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, kayan da suka saba shigowa daga tashar Kwatano ta gadar Malanbil da Gaya suka tsaya. Ƙungiyar ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kowace ƙarin kwana a hanya a kan sukari da madara da ganye take sauka. A shekarar 2023 ɗin dai wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, yankin da ke ciyar da kasuwannin ƙasar Hausa da ita, farashinta ya tashi. Karo-karon dala biyar, dala goma da ke isar zaman dare ya daina isa.

Ganyen bayan gida

Abin da ake kira shayin ganye a gaskiya ba shayi ba ne, tunda ba daga wancan itacen ya fito ba, kuma yawancinsa babu kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Masu jin Faransanci tizan suke ce masa. Wannan fanni ne da mata suka fi maza sani tun fil azal, domin su ke dafa wa mai jego da mai mura da mai kumburin ciki, ba tare da an taɓa kiran abin da sunan ƙawa ba.

Zobo ne ya fi samun shaidar masana. A 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi kan mutum 65 da jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na zobo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, alhali ta waɗanda aka ba abin sha na bogi da ƙyar ta motsa. A Senegal ma an yi wani gwaji da aka wallafa a 2017, inda aka kwatanta zobo da kinkeliba da wani maganin hawan jini na asibiti. Duka biyun sun sauke jini, ko da yake na asibitin ya ɗan fi su. Sai dai a lura, a Senegal ƙwayoyi masu awo aka bayar, a duka gwaje-gwajen kuma likita na duba mutanen. Wanda ke shan maganin hawan jini ya ƙara da zobo mai kauri safe da yamma, jininsa na iya sauka fiye da kima. Wanda ya ajiye maganin gaba ɗaya don ya ji an ce zobo na yi, caca yake da ransa. Zobon leda mai sanyi da aka cika da sukari kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Kinkeliba na bukatar a tsaya a kanta, domin suna ɗaya ne a kan tsiro biyu. Kinkelibar da ƴan Senegal da Mali ke buɗe baki da ita a watan azumi ba wata baƙuwa ba ce: geza ce, wadda Zabarmawa ke kira kubu, ita ce ke cike fako da tuddan yammacin Nijar. Amma a kasuwannin Nijar sau da yawa in an ce kinkeliba, rai-ɗore ake nufi, wanda Faransawa ke kira kinkelibar ƙarya. Ba dangin juna ba ne. Rai-ɗore na da nasa amfanin a gargajiya, amma ɗanyen ƴaƴansa guba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara na mutuwa da wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, sai a wajen 2007 likitoci suka danganta ta da cin ƴaƴan wannan tsiro. Ɗan ci-ranin da ya karanta amfanin kinkeliba a intanet ya aiko gida a saya masa, ya kamata ya faɗi wadda yake nufi.

Haka batun tazargade. Gaskiya ne daga wani danginta Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani da shi, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 2015. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan shan dafaffen ganyen don magani ko rigakafi. Dalilinta a fili yake: yawan sinadarin na bambanta daga ganye zuwa ganye, abin da ke cikin kofi bai isa ya kashe ƙwayar cutar duka ba, wadda ta tsira kuma ita ce ke koyon jure maganin asibiti. A ƙasar da zazzaɓi ke kashe yara kowace damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Zogale, wanda a Maradi ake kira ƴar Makka kuma ake nomansa sosai a Jiratawa, ganye ne mai gina jiki, amma amfaninsa ya fi fitowa in an ci shi a kwaɗo fiye da in an jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi an zubar da tuƙar. Na'a-na'a da ciyawar sitironel da ɗoɗɗoya da tsamiya ba su yi wa kowa alƙawarin warkar da komai ba, ƙamshi da ɗanɗano suke bayarwa, kuma hakan ma ya isa.

Inda ya kamata a fi taka-tsantsan shi ne shayin kwali mai manyan alƙawura. Na rage ƙiba galibi akwai filasko ko danginsa a ciki, wato maganin wankin ciki ne, abin da ke raguwa ruwan jiki ne, ba kitse ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutiramin a irin waɗannan, alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda illarsa ga zuciya. A kayan shan da ake tallata wa maza kuma an sha samun sinadarin Viagra a ɓoye, ba a rubuta a jiki ba, ba a san yawansa ba. Ga mai ciwon zuciya wannan na iya zama ajali. Rubutun Larabci ko hoton ganye a kwali ba shaida ba ne.

Sukarin da ba a ƙirgawa

Duk da haka, babban haɗarin da ke cikin kofin yawancin mutane ba ɓoyayye ba ne, da hannunsu suke zuba shi. Shawarar OMS ta 2015 ita ce kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. Mai karatu ya lissafa da kansa: kofin safe a teburin mai shayi da madara da cokali uku, zagaye uku bayan azahar, wasu uku bayan isha'i, ga lemon kwalba a tsakani. Ciwon suga da hawan jini sun daina zama cutar tsofaffin attajirai a biranen Sahel, kuma magani ne na har abada a ƙasar da mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya.

Akwai wasu abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Sinadarin da ke ba shayi ɗaci na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake da ganye, wanda da shi ake haɗa jini. Shayi mai ƙarfi nan take bayan tuwo na rage amfanin tuwon, musamman ga mata masu ciki da yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu. Jinkirta shi da awa guda na rage matsalar. Na biyu zafi ne. A 2016 cibiyar binciken sankara ta OMS ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankarar maƙogwaro. A nan dai gwanin fada ya riga masana: jujjuyawar da yake yi don kumfa ita ce ke huce shayin kafin ya kai baki.

Tun 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar shayi kowace 21 ga Mayu, don tunawa da manoman ganyen da masu tsinkarsa. Nijar a wannan biki mai saye ce kawai. Amma a ɓangaren ganyen gida tana da abin sayarwa. Zobon da ake tarawa a Jigawa, dab da iyakar Magarya da Dungas, har Meziko ake kai shi, inda ake shan ruwansa kamar yadda ake sha a nan. Afirka ta Kudu ta ɗauki wani ɗan kurmi na tsaunukanta mai suna roibos ta mayar da shi hajar duniya. A 2019 aka ƙulla yarjejeniyar ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake sayen ganyen daga gona, saboda iliminsu ne, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan ta yadda ba mai amfani da shi sai ganyen ya fito daga yankin.

A baje kolin SAHEL da ake yi a Yamai, ƙungiyoyin mata kan kawo busasshen zogale da zobo da sitironel a ƙananan jakunkuna, tsaf da su. Abin da ke gabansu shi ne tsadar leda da kwali, da wurin shanya mai tsabta, da gwajin inganci, da kuma mai sayen da har yanzu ya fi amincewa da abin da aka rubuta masa da baƙin harshe. Ita kuwa geza, tana cikin manyan itatuwan da ake sarewa a tuddan da ke kewaye da Yamai, tare da sabara da tsiriri, ana lodawa a manyan motoci zuwa birni a matsayin itacen girki.